Ta Ina Ake Fara Warware Rubutun da Masu Shi Suka Shuɗe?

Tambaya: Malam, a wata tafiya da na yi wajen Agadas na ɗauki hoton wani rubutu a jikin dutse, da'ira-da'ira da ɗige-ɗige da 'yan sanduna, ban taɓa ganin irinsa ba. Shi ya sa ni tunani: in aka tarar da rubutun da babu sauran mai karanta shi a duniya, ba malami ba ƙamus, ta ina masana suke farawa? Kuma mutum irina zai iya gwadawa?

Amsa: Ɗan'uwa, bari in ajiye hotonka sai can ƙarshe, domin ina kyautata zaton nasa mai sauƙi ne. Mu fara da babbar tambayar.

Kafin komai, sai ka san abin da ya ɓace maka, domin rubutu daban, harshe daban, kuma yawancin masu shiga wannan fage a nan suke fara yin tuntuɓe. Ka miƙa wa Balaraben Alƙahira waƙar Hausa da aka rubuta da ajami. Zai furta mafi yawan baƙaƙen, amma ba zai san abin da bakinsa ke faɗa ba. Ka miƙa wannan takardar ga Bahaushen da boko kaɗai ya sani. Shi harshen yana cikinsa, haruffan ne suka tsaya masa, kuma in ya samu bakin zaren, cikin 'yan makonni zai karance ta. Sai kuma mutum na uku, wanda bai san haruffan ba, bai san harshen ba. Waɗannan matsaloli uku ne, kowace da maganinta.

Irin ta farko tana nan a Sudan. Daular Marawi, wadda kufanta ke arewa da Hartum, ta bar rubutu mai alamomi 23. Wani Bature ɗan Ingila, Francis Griffith, ya gano sautin alamomin tsakanin 1909 da 1911. Yau fiye da shekara ɗari ke nan ana iya furta rubutun daga farko har ƙarshe, amma kalmomin da aka tabbatar da ma'anarsu 'yan kaɗan ne: ƙore sarki, kandake sarauniya, ato ruwa, at burodi, da makamantansu. Ana karantawa, ba a fahimta. Ta biyun ita ce mai daɗi, ita aka fi cin nasara a kanta. Ta ukun kuwa, in babu wani rubutu mai harshe biyu da zai zama gada, sai dai a yi ta haƙuri.

Daga nan sai ka tambayi kanka ko kayan aikin da ke hannunka sun isa. A 1908 aka tono wani faifan yumɓu a Faistos, cikin tsibirin Kirit na ƙasar Girka, an buga masa alamomi ɗan sama da 240 a gaba da baya, iri 45. Shi kaɗai ne, ba shi da ɗan'uwa. Kusan kowace shekara sai wani ya fito ya ce ya karanta shi: wannan ya ce addu'a ce, wancan ya ce kalanda, wani ya ce wasan dara. Babu mai iya ƙaryata su, babu kuma mai iya gaskata su, saboda rubutun ya yi gajarta da har kowace fassara za ta iya zama a kansa. Rubutun kwarin Indus, na Pakistan da Indiya, shi yana da yawa, dubbai, amma yawancinsa a kan 'yan hatimai ne, kuma tsaka-tsakin tsawonsa alama biyar ne kacal. Ka ɗauka an tara maka lambobin motoci dubu huɗu an ce ka fitar da nahawun Hausa daga ciki. A farkon 2025 gwamnatin jihar Tamil Nadu ta Indiya ta sa ladan dala miliyan ɗaya ga wanda ya warware shi. Kuɗi ba ya ƙara wa rubutu tsawo.

In kayan sun isa, aikin farko ba fassara ba ce. Kwafa ce da ƙirga. Sai an tattara duk rubutun da aka samu, an kwafe shi daidai, an rubuta inda aka tsinci kowane: a kabari ne, a rumbun fada, ko a jikin tulu. Sannan a fitar da jerin alamomin, kowace a ba ta lamba. Wannan ya fi yadda ake zato wuya. Dubi harafin ainun na Larabci: kamanninsa a farkon kalma daban, a tsakiya daban, a ƙarshe daban, in ya tsaya shi kaɗai daban. Wanda bai san Larabci ba zai ƙirga haruffa huɗu. A ɗaya gefen kuma, zai iya ɗaukar ba da ta da sa a matsayin harafi ɗaya, ya ce ɗigon ado ne ko rawar hannun marubuci. Raba abin da yake bambanci na gaske da abin da yake salon hannu kawai yana cin shekaru.

Amma da zarar ka samu adadin, ya gaya maka abu babba tun ba ka karanta kalma ɗaya ba. In alamomin ba su wuce ashirin zuwa arba'in ba, kowace tana wakiltar sauti guda ne, kamar Larabci mai 28. In sun kai hamsin zuwa ɗari, to kowace gaɓa ce, wato baƙi da wasalinsa a haɗe: ba alama ɗaya, bi wata, bu wata. In kuwa sun kai ɗaruruwa, akwai alamomin da ke tsayawa a madadin kalma sukutum, kuma kusan kullum a gauraye suke da na sauti. Champollion, wanda ya buɗe rubutun Fir'aunonin Masar, ƙirga ce ta fara sauya masa tunani. A kan dutsen Rashid, wanda sojojin Faransa suka tsinta a 1799, an rubuta umarnin sarki guda da rubutu iri uku, ɗaya na Girkanci da ake iya karantawa. Ya ƙirga ya ga kalmomin Girkanci 486 sun yi daidai da alamomin Masar 1,419. Da kowane hoto kalma ce, kamar yadda Turawa suka daɗe suna ɗauka, da lissafin bai yi wannan tazara ba.

Ta wane gefe ake farawa? Marubuci ɗan Adam ne, yakan fara layi a wadace, in wuri ya ƙure masa sai ya cusa sauran a matse. Gefen da alamomi suka cunkushe, nan ne ƙarshen layi. Da haka aka gane cewa yawancin rubutun Indus daga dama yake tashi. A rubutun Masar, tsuntsaye da mutanen da aka zana suna fuskantar farkon layi. Wasu tsofaffin rubuce-rubucen kuma tafiyar garmar shanu suke yi, layi ɗaya ya tafi dama, na biye ya dawo hagu. Ka nemi kuma alamar da ke yawan faɗowa bayan kowace 'yar tazara, wataƙila ita ce mai raba kalmomi. Sai alƙaluma, su ne suke fara miƙa wuya, saboda sanda uku uku ce a kowane harshe, kuma in ka ga layuka da lambobi sannan a ƙasa lamba ɗaya da ta yi daidai da haɗuwarsu, kalmar da ke gabanta jimilla take nufi, ko ba ka san yadda ake furta ta ba.

Yanzu ga wurin da nake so ka zauna sosai, domin nan ne zuciyar sana'ar, kuma nan ne aka fi ƙosawa a tsallake.

A 1900 Arthur Evans ya fara haƙa a Konosos, cikin Kirit, ya tono dubban allunan yumɓu da rubutun da ya sa wa suna Linear B. Alamomin sautinsa wajen 87 ne, wato na gaɓoɓi. Babu rubutu mai harshe biyu, babu wanda ya san harshen. Shekara arba'in mutane suna shaci-faɗi. Sai wata malama a birnin New York, Alice Kober, ta ce ita ba za ta ba wa ko alama ɗaya sauti ba, ba kuma za ta yi hasashen harshe ba. Lokacin yaƙin duniya na biyu ne da bayansa, takarda ta yi wuya, sai ta riƙa yanka tsofaffin takardu tana yin 'yan katuna, har wajen 180,000, tana jera su cikin kwalayen sigari. Kowace alama ta rubuta inda take zuwa, farko ko tsakiya ko ƙarshe, wace ce ke gabanta, wace ce ke bayanta, sau nawa.

Abin da ta gano na fi iya nuna shi da Hausa, kuma haka nake yi wa ɗalibaina. Nakan ƙirƙiro alamomi, kowace gaɓa da tata, in rubuta musu kalmomi shida ba tare da na gaya musu harshen ba. A ce lambobi ne a madadin alamomin. Kalma ta farko 1-2, ta biyu 1-3-9. Ta uku 4-5, ta huɗu 4-6-9. Ta biyar 7-8, ta shida 7-10-9. Sai in ce su gaya mini abin da suka gani. Mai lura zai ce kalmomin biyu-biyu suke tafiya, kowane biyu da farko iri ɗaya, kuma doguwar kullum da 9 take ƙarewa, don haka 9 ɗafa-ƙeya ce, harshen yana sauya ƙarshen kalma. Wannan kowa yana iya gani. Wanda ya fi kaifin ido shi zai tambaya: to me ya sa alama ta biyu ita ma take sauyawa, 2 ta koma 3, 5 ta koma 6, 8 ta koma 10? Amsar ita ce wannan alamar tana tsaye ne a kan iyaka, ƙafa ɗaya a tushen kalma, ƙafa ɗaya a ɗafi. Baƙinta na tushe ne, wasalinta na ɗafi ne. Ke nan 2 da 3 baƙinsu ɗaya, wasali ya raba su. Haka 5 da 6, haka 8 da 10. Sannan 2 da 5 da 8 wasalinsu ɗaya, 3 da 6 da 10 su ma wasalinsu ɗaya. Kalmomin su ne dogo da doguwa, sabo da sabuwa, tsoho da tsohuwa. Go da gu, bo da bu, ho da hu. Ɗalibin bai san ko sauti ɗaya ba tukuna, amma ya riga ya zana jadawali: waɗannan 'yan layi ɗaya ne a kwance, waɗancan 'yan layi ɗaya ne a tsaye. Amfanin jadawalin shi ne, ranar da ka samu sautin alama guda, ba ita kaɗai ka samu ba, ka samu baƙin duk layinta da wasalin duk jerinta. Haka nan in ka yi kuskure, nan take zai bazu ya tona kansa.

Kober ta rasu a 1950 tana da shekara 43, ba ta ga ƙarshen aikin ba. Michael Ventris, wani matashi mai zanen gine-gine a Ingila, shi ya faɗaɗa jadawalin. Ya lura da wasu kalmomi da ke fitowa a allunan Konosos amma babu su a allunan da aka samu a Filos, can cikin babban yankin Girka. Ya ce wataƙila sunayen garuruwan Kirit ne, kuma sunan gari yana da taurin rai, harshe kan mutu ya bar shi. Ya gwada Amnisos, tashar jiragen ruwan Konosos, sai a-mi-ni-so ya zauna. Sautukan da ya samu suka bi jadawali suka ba shi ko-no-so, Konosos kanta, ba tare da ya tilasta musu ba. Daga nan kalmomi suka fara fitowa: ko-wo da ko-wa, yaro da yarinya, to-so da to-sa a wurin jimilla. Girkanci ne, tsoho ƙwarai. Abin da ya sa nake girmama mutumin nan shi ne ba haka ya so ba. Shekaru yana riƙe da ra'ayin cewa harshen dangin na Itruskawan Italiya ne, kuma manyan masana na lokacin, har da Evans kafin rasuwarsa, sun tsaya a kan cewa ba Girkanci ba ne. Jadawali ya ce masa a'a, ya bi jadawali ya bar ra'ayinsa. Ya sanar a gidan rediyon BBC a 1952.

Ka ga abin da ya buɗe ƙofar: suna. Kusan duk rubutun da aka warware, ta sunan mutum ko na gari aka shiga, saboda suna ba a fassara shi, yadda yake a wannan harshe haka yake ƙetarawa wancan da ɗan sauyin lafazi. A 1802 wani malamin makaranta a Jamus, Grotefend, ya zauna da kwafin gajerun rubuce-rubuce biyu daga kufan fadar Farisa. Ya ga wata kalma tana maimaituwa, wani lokaci sau biyu a jere, ta biyun da ɗan tsawo. Ya san yadda sarakunan Farisa na baya-baya suke jera laƙabinsu, sai ya ce wannan sarki ce, kuma biyun a jere sarkin sarakuna. Da ya bi tsarin sai ya ga mutum uku: jika sarki ne, uba sarki ne, amma kakan an ambace shi babu sarauta. In aka ba Bakano irin wannan, aka ce ga sarkin Kano, ubansa sarki, kakansa bai yi sarautar ba, ai zai tuna da 'ya'yan Ibrahim Dabo. Haka Grotefend ya duba tarihin da Girkawa suka rubuta ya samu Zaksis ɗan Dariyus ɗan Histasfis, wanda bai yi sarki ba. Ya ɗora sunayen a kan alamomin, ya samu wasu daidai, wasu ya kuskure, amma ƙofa ta buɗe.

Champollion ma haka. An riga an gane cewa sunayen sarakuna ne ake kewayewa da wani zobe mai tsawo, kuma ɗan Ingila Thomas Young ya nuna wanda yake na Ptolemaios a kan dutsen Rashid. Sai aka samu wani ginshiƙi daga tsibirin Filae mai sunan Kleopatra. Gwajin a fili yake: in alamomin sauti ne, ta farko a Ptolemaios dole ta zama ta biyar a Kleopatra, kuma haka ta kasance. Hoton zaki, wato l, na huɗu a can, na biyu a nan. Alamar o ita ma ta faɗa inda ake jiran ta. T ce kaɗai ta saɓa, alama ɗaya a wannan suna, wata daban a wancan. Mai raunin zuciya da ya watsar da aikin. Shi ya ce sauti ɗaya na iya samun alama biyu, kamar yadda ajaminmu ke da sin da sadi. Amma waɗannan sunayen baƙi ne, Girkawa masu mulkin Masar, ana iya cewa don su kaɗai aka yi amfani da sauti. Sai a Satumban 1822 aka kawo masa zanen wani zobe daga Abu Simbel: hoton rana, wata alama da bai sani ba, sai s biyu. Ya san Kibɗanci, harshen cocin Kiristocin Masar, wanda shi ne jikan harshen Fir'auna, kuma a cikinsa rana ra ce ko re. Ra, wani abu, s, s. Ramsis. Ba don shekarun da ya kashe yana koyon Kibɗanci ba, da dutsen Rashid bai kai shi ko'ina ba. Mutane suna yawan ambaton dutsen su manta da wannan.

Rubutu mai harshe biyu ma yana iya yaudara in ba a gane yadda aka yi shi ba. Limamin Sifaniya Diego de Landa, wanda ya ƙona littattafan mutanen Maya a Meksiko a 1562, ya zaunar da wani marubucinsu yana kiran masa haruffan Sifaniyanci yana cewa ya rubuta. Ya ce be, sunan harafin b ke nan a harshensu, marubucin ya zana masa alamar gaɓar be. Landa ya ɗauka ya samu abacada. Da ya ce masa ya rubuta duk jimlar da ya ga dama, abin da mutumin ya rubuta shi ne ma in kati, wato ba na so. Shekaru da dama wannan jeri yana rikita masana, har wasu suka ce ƙarya ne, sai a 1952 Yuri Knorozov na Rasha ya gane cewa jerin daidai ne, fahimtar Landa ce ta karkace: gaɓoɓi aka ba shi.

Hasashen harshe yana da lokacinsa, kuma wani sa'in yana zuwa da wuri in wuri da zamani sun nuna. A 1929 aka tono alluna a Ras Shamra, bakin tekun Siriya, alamominsu 30 kacal, da alamar raba kalmomi. Kalmomin gajeru ne, yawanci alama uku ko huɗu, abin da ke nuna ba a rubuta wasali, kamar babbaƙu a makarantar allo. A wannan yanki, wane harshe za a zata in ba dangin Larabci da Ibrananci ba? Aka lura cewa jerin alamomin da ke jikin wasu gatura na tagulla ya fito a farkon wani allo, amma da ƙarin alama ɗaya a gabansa. Aka ce allon wasiƙa ce zuwa ga mai gaturan, alamar kuma ita ce li ta Larabci, wato l. Daga l aka nemi kalma mai baƙi uku da l a tsakiya, aka samu m-l-k, sarki, aka samu b-n, ɗa. Cikin 1930 an gama. Amma lura, sun ƙirga, sun duba tsawon kalma, sun duba taswira, sannan suka yi hasashe. Masu ɓata su ne waɗanda suke zuwa da harshen a aljihu, galibi harshen kakanninsu, su yi ta lanƙwasa alamomi har sai sun faɗi abin da ake so. In ka yarda wa kanka kowace alama ta ɗauki sauti uku ko huɗu, ka kuma yarda ka tsinci kalma daga kowane ƙamus, to wallahi faifan Faistos ma zai yi maka Hausar Sakkwato.

Shi ya sa ake buƙatar shaida daga waje, wato rubutun da mai warwarewar bai taɓa gani ba. A 1953 Carl Blegen, mai haƙa a Filos, ya ɗauki wani allo da aka tono, wanda Ventris bai gani ba lokacin da yake gina jadawalinsa, ya ɗora masa sautukan. A jikin allon akwai hotunan tukwane. Kusa da hoton tukunya mai ƙafa uku aka karanta ti-ri-po, mai ƙafa uku da Girkanci. Kusa da tulu mai mariƙi huɗu, kalmar ta fara da huɗu. Mai mariƙi uku, ta fara da uku. Wanda ba shi da mariƙi ko ɗaya aka karanta a-no-we, marar kunne, don su kunne suke kiran mariƙin. Gani ya kori ji. Kafin wannan, a 1857, an yi irin gwajin a Landan ga rubutun Assuriya, wata tsohuwar daula a ƙasar Iraƙi ta yau: aka ba masana huɗu, Rawlinson da Hincks da Talbot da Oppert, kwafin sabon rubutu ɗaya, kowa ya fassara shi kaɗai ya aiko a rufe. Da aka buɗe, fassarorin sun yi kusa da juna ƙwarai. Duk wanda ya zo maka da cewa ya warware wani rubutu, tambaye shi abu biyu: in na ba wani ƙa'idojinka, zai karanta abin da ka karanta ba tare da kana kusa ba? Kuma me rubutun ya ce? Na gaskiya yawanci ba ya burgewa. Allunan Linear B lissafin tumaki ne da man zaitun da ƙafafun keken doki da rabon abincin ma'aikata. In fassara ta fito cike da asirai da hikimomin sama, ina fara shakka.

Kwamfuta fa? Aikin katunan Kober yau na'ura za ta yi shi kafin ka gama shan shayi, kuma ka yi amfani da ita. Ƙirga yawan fitowar haruffa ma ba sabon abu ba ne, Alkindi ya rubuta shi a Bagadaza tun ƙarni na tara don warware saƙon asiri. Sai dai saƙon asiri harshensa sananne ne, ɓoye shi aka yi da gangan. Linear A, wani rubutun Kirit da yake yayan Linear B, ana iya furta yawancin alamominsa da taimakon ƙanen, an san ku-ro jimilla ce, amma harshen bai yi kama da wani da aka sani ba, kuma na'ura ba ta haifar da harshen da ya mutu bai bar dangi ba.

To, hotonka. Da'ira da ɗigo da sanda a jikin dutse a ƙasar Abzin, kusan tabbas Tifinag ne, rubutun Buzaye, kuma masu shi suna nan da ransu. Ni ma na taɓa yin irin wannan, na kwana uku a kan wata takarda daga cikin littattafan wani tsohon malami ina zaton rubutun asiri ne, ashe Fulatanci ne da ajami, hannun mai sauri, fa da ɗigo a ƙasa irin na Warash. Wani dattijo ya karance mini ita a tsaye. Tun daga ranar, kafin in ce ba a san rubutu ba sai na tambayi mutanen wurin. Duba hotonka: da'ira ita ce r, da'ira mai ɗigo a ciki s, alama mai kamar giciye t, sanda ɗaya n, sanduna biyu a jere l. Kakan wannan rubutu, na tsohuwar Libiya, shi ma ta sunaye aka shiga shi, daga wani dutse mai harshe biyu da aka samu a Dugga ta Tunisiya. Amma kada ka yi mamaki in Buzun da ka nuna wa ya tsaya yana jujjuya wayar. A kan duwatsu ba a cika sa wasali ba, ba a raba kalmomi, kuma layi na iya tashi daga ƙasa ya yi sama, ko daga dama, ko daga hagu. Mai karatu yakan yi ta rera baƙaƙen a bakinsa yana gwada wasula har kalma ta faɗo. Da yawansu suna farawa da awa nak, wato wannan ni ne, sai sunan marubucin ya biyo, don haka fara neman wannan a bakin layi. Waɗanda suka fi tsufa kuwa har Buzayen yau ba sa gane su duka.

In ka sake komawa, ɗauki hoton da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ke dukan dutsen a karkace, ramin kowace alama ya yi inuwa. Ajiye wani abu da aka san girmansa a gefe, ko da biro ne. Ɗauki hoton dutsen gaba ɗaya tukuna kafin ka matso, don a san sama da ƙasa da abin da aka zana kusa da rubutun. Kada ka bi alamomin da alli ko gawayi don su fito, yana lalata dutsen, kuma abin da idonka ya zata za ka zana, ba abin da ke wurin ba. Sannan ka kai wa tsofaffi, musamman mata, domin a wurin Buzaye iyaye mata ne suka fi koya wa yara Tifinag, suna zana musu a kan rairayi.